Gyaran Tsohuwar Majami'a a Jos: Ku Bi Sawun Ruwa Kafin Ku Sayi Fenti

Yawancin majami'un da iyayenmu suka gina a Jos da kewaye sun kai shekarun da gini ke neman kulawa ta gaske. Wasu da dutsen Filato aka ɗora su, wanda aka fasa da guduma aka kwaso a ka. Wasu bulon laka ne aka shafe da siminti. Wasu kuma bulon siminti ne na shekarun 1970 da 1980, lokacin da jama'a ke ta ƙaruwa ana ta ƙara gini ta gefe da ta baya. Ni aikin gini na yi har na ajiye, kuma na daɗe a kwamitin gini na ikilisiyarmu. Abin da nake gani kusan ko'ina iri ɗaya ne: da an ce za a gyara ɗakin sujada, sai zuciyar kowa ta tafi kan tayil da fenti da sabon silin da sabon bagade. Son gidan Ubangiji ya yi kyau abu ne mai kyau, ni ma ina so. Amma abin da ke cin tsohon gini a garin nan ruwa ne, kuma duk kwamitin da bai tare ruwa da farko ba zai sake biyan kuɗin adon nan cikin damina biyu ko uku.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Ruwa yana farawa wajen Afrilu ya kai Oktoba, a shekara yakan kai milimita 1,400 ko kusa da haka, mafi yawansa a Yuli da Agusta, ga iska ga tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Da rani kuma kwano ya sha rana da tsaka, ya sha sanyin hunturu da dare, yana buɗewa yana tsukewa har ƙusa ta saki. Shekara arba'in ana wannan, ko ƙarfe ya gaji.

Dubawa ta farko da damina ake yin ta

Kada ku jira rani ku duba gini. Ku zaɓi ranar da hadari ya haɗu sosai a watan Agusta, mutum biyu ko uku daga kwamiti su shiga majami'a da alli da tocila da littafi, su zauna har ruwa ya sauko. Duk inda ya ɗiga a zagaye wurin da alli a ƙasa, a rubuta. A duba bakin tagogi, da kusurwar da tsohon gini ya haɗu da ƙarin da aka yi daga baya, da bayan bagade, da ƙarƙashin hasumiya in akwai. Sannan a ɗauki lema a fita waje ana tsakar ruwan. A nan za ku ga abin da ba a gani ranar Lahadi da safe: inda indararo ke ambaliya yana wanke bango, inda ruwan titi ke shigowa ta ƙofar gida, inda ya kwanta jikin tushe bai da hanyar fita. Ku ɗauki hoto da waya. Ranar da za ku tsaya gaban dattawa, hoton ruwa kwance a gindin bango ya fi dogon bayani.

Bayan kwana biyu a hau cikin silin da tsakar rana. Mai hawa ya sa takunkumi a hanci, domin kashin jemagu da na tattabaru da ya shekara a wurin yana da illa ga huhu, kuma ya taka kan katako kawai. In ya kashe tocila zai ga haske yana tsiyayowa ta kowace huda a kwano. Ya riƙe sukundireba, ya caka a jikin kowane katako, musamman inda ya zauna kan bango. Gara tana cinye cikin katako ta bar fatarsa lafiya lau. Na taɓa caka wa wani katako mai inci biyu da shida wanda daga ƙasa ka rantse jiya aka sa shi, ƙarfen ya shige har marikinsa, jar ƙasa ta zubo mini a hannu. Wannan katakon kuwa shi ne ke bisa layin da mawaƙan majami'a ke zama.

In silin ɗinku irin tsohon farin falle ne na asbestos, wanda aka yi yayi da shi a da, ku yi hankali ƙwarai. Muddin yana zaune ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ƙurarsa ce ke jawo ciwon huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. In za a sauke shi a jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusa a sauke falle ɗai-ɗai ba tare da fasawa ba, a share wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a ba matasa wannan aikin da sunan aikin gayya, kada kuma a raba wa membobi su kai gida su rufa ɗakin kaji.

Tsagar bango, da ranar da dole a kira injiniya

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya mai kama da gashi, wadda ta tsaya a kan shafe, ana cike ta a wuce. Waɗanda ke hana ni barci su ne mai hawa kamar matakala tana bin layin bulo, da wadda ta fi faɗi a sama, da wadda ta ratsa bango ana ganinta ciki da waje, da duk wadda faɗinta ya kai milimita 5. Hanyar gane ko tana tafiya mai sauƙi ce. A kwaɓa ɗan siminti a shafa siriri a kan tsagar, faɗin tafin hannu, a rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata ɗaya ko biyu shafen ya sake tsagewa, ginin yana motsi. Haka kuma a ɗaure dutse a igiya a sako daga saman dogon bango na gefe. In saman ya karkata waje, rufi ne ke tura shi, alamar katakon da ke ɗaure bangon biyu ya ruɓe ko an yanke shi lokacin wani gyara.

Da kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, aikin ya wuce na birkila komai gwanintarsa. Ku nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ku ga lambar rajistarsa, ya ba ku rahoto a rubuce da hatiminsa. Majami'un da ke wajajen Bukuru da Rayfield da sauran wuraren da aka haƙi kuza su ƙara kula, domin akwai filayen da cikon tsohon rami ne, ƙasar tana iya ci gaba da zama a hankali.

Inda na fi jin tsoro shi ne maganar ɗora bene. Jama'a sun yi yawa, fili ya ƙare, sai wani ya ce a zuba dekin, wato kankaren bene, a baya a yi wurin zama na sama. Tushen da aka yi don ya ɗauki bango da kwano ba zai ɗauki kankare da mutum ɗari biyu suna rawa ranar godiya ba. Mu mutanen Jos ba ma bukatar a ba mu labari. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Busa Buji ana tsakar karatu, mutum 22 suka rasu, yawancinsu yara. A Disamba 2016 kuma wata majami'a a Uyo, wadda ba a gama gina ta ba, ta rufta kan jama'a ana bikin naɗa bishop, mutane da dama suka mutu. Saboda haka bene ya zo da ginshiƙansa da tushensa na kansa bisa zanen injiniya, a kai zanen JMDB, hukumar da ke ba da izinin gini a Jos, a sami izini kafin a haƙa rami ko ɗaya. Kuma kada ranar wani biki ta zama ita ke jan aikin. Kankare yana so a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28, ko wane babban baƙo ne zai zo.

Rufi

Lokacin kware rufi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Ba a fafe gora ranar tafiya: kuɗin kwano da katako su kasance a hannu tun Oktoba, domin iskar ruwan farko, ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ita ce ta fi yaye rufi a garin nan. A kware kashi-kashi, abin da za a iya rufewa cikin kwana biyu ko uku, da tamfol a ajiye.

In za ku sayi katako a kasuwar Katako da ke Laranto, ku tafi da kafintan da zai yi aikin, ya zaɓa da hannunsa. Ɗanyen katako yana da nauyi da sanyi a hannu, in aka buga shi haka zai murɗe ya ja kwano. A jera shi a inuwa da tazara ya sha iska, a shafe shi da maganin gara irin Solignum ta kowane gefe, har bakin da aka yanka. Baƙin mai da mutane ke shafawa yana ɗan taimako amma bai kai maganin gaske ba, ga shi yana ƙara wa wuta ƙarfi in gobara ta tashi. Tsohon katakon da sukundireba ta kasa shiga kuwa a bar shi a wurinsa. Sau da yawa maɗacin da aka sa shekara hamsin da suka wuce ya fi wanda za ku samu yau. In faɗin ɗakin ya yi yawa, ƙarfe ya fi dacewa, amma injiniya ne zai faɗi girmansa, mai walda ya bi zane.

Wajen kwanon alminiyam mai tsayi, kauri shi ne magana. Akwai mai milimita 0.45, akwai mai 0.55, kuma ga babban rufi mai shan iska ni 0.55 nake ba da shawara. A rubuta kaurin a rasit, a auna da ma'auni ranar da kaya suka iso kafin a sauke daga mota, domin ido ba ya bambance su. A ɗaure da sukuru mai roba a wuya maimakon ƙusa. Sannan abin da ake yawan mantawa: kowane jigo na rufi a ɗaure shi da rodi ko ƙarfen ɗauri a jikin kankaren da ya zagaye saman bango. Rufin da aka aza kawai aka buga wa ƙusa, iska ɗaya ce tsakaninsa da gonar maƙwabta.

Wuraren da rufi biyu suka haɗu, da inda kwano ya jingina da hasumiya ko da bangon da ya fi shi tsayi, nan ne yoyo ke fitowa kusan kullum. Ku tsaya a kan kafinta a wuraren nan. Bakin kwano kuma ya fito sosai ya kare bango. Yayin nan na ɓoye rufi a bayan bango yana da kyau a ido, amma a ruwan Jos kwatar da ke ɓoye a ciki ganye kaɗan ne zai toshe ta, ruwa ya juyo cikin ɗaki.

Sai ƙasa. Ku zagaya gini ku duba ko ƙasar waje ta kai tsayin daɓen ciki. Shekara da shekaru ana ciko, ana shimfiɗa intalok, wato bulon daɓen tsakar gida, har waje ya fi ciki tudu, sai danshi ya riƙa hawa bango. Za ku gan shi: fenti yana kumbura daga ƙasa zuwa gwiwa, farin gishiri yana fitowa, ƙafafun benci suna baƙi. A rage ƙasar waje ta sauka aƙalla inci shida ƙasa da daɓen ciki, a yi daɓe mai gangara kewaye da gini faɗin kamar mita ɗaya, a yi kwata mai zuwa har lambatun titi. Furannin da aka dasa jikin bango ana ba su ruwa kullum a matsar da su gaba. Itacen turare da ya yi kusa da tushe, ko da wani babban dattijo ne ya dasa shi, a tattauna a sare, a dasa wani nesa.

Bangon laka da na dutse suna da halinsu. Suna shan danshi su fitar da shi, to in aka lulluɓe su da shafe mai siminti da yawa aka bi da fentin mai, danshin ba ya samun mafita, sai ya zauna ciki yana narkar da lakar. Ku bi bango kuna ƙwanƙwasawa da bayan guduma. Inda ya yi ƙarar fanko shafen ya rabu da bango, a ɓamɓare shi, a bar wurin ya sha iskar hunturu makonni, sannan a sake shafewa da kwaɓi mai sauƙi, kwanon sarki ɗaya na siminti da shida na yashi, in an sami farar ƙasa ta gini a haɗa ya fi. Bangon dutse kuwa ina roƙonku kada ku shafe shi. A kankare tsakanin duwatsun a sake cikewa, a wanke da burushi. Shafa fenti a kan bango mai danshi kamar ɗaura sabon zane ne a kan gyambo.

Wuta da tsawa

In wayoyin majami'a sun haura shekara talatin, a sake su gaba ɗaya. An ja su ne lokacin da kayan wutar ɗakin ƙwai shida ne da fanka huɗu da lasifika ɗaya. Yau ga amfilifaya, ga kibod, ga majigi, ga fitilun bagade, kowane an jona shi ta cikin silin da salatif, ɓera ya ci rabin robar. A samu mai aikin wuta mai takardar shaida, ya raba layi: fitilu da fanka daban da waya mai lambar kauri 1.5, soket daban da mai 2.5, kayan kiɗa da layinsu. A sa na'urar nan mai yanke wuta da kanta in ta fara bin jikin mutum ko ƙarfe, musamman a majami'un da ke da ramin baftisma, inda fasto ke tsaye cikin ruwa kusa da makirfo. Wutar JED, kamfanin rarraba wuta na Jos, da ta janareta da ta sola su bi ta makunnin sauyi mai kyau. Ɗakin janareta ya yi nesa da tagogi, musamman na makarantar Lahadi, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Duk fasa bangon da za a yi don binne bututun waya a gama shi kafin shafe.

Majami'a takan fi duk gidajen unguwa tsayi, ga gicciyen ƙarfe a samanta, a garin da tsawa ba ta wasa. Sandar kama tsawa dole ce. Ku bi jan ƙarfen da ya sauko daga sama da ido har ƙasa, domin a wurare da yawa ɓarayi sun yanke na ƙasan sun bar na saman yana yaudarar mutane. Mai aikin ya auna da na'ura a gabanku ko sandar da aka kafa a ƙasa tana zubar da wuta da kyau, awon ya kasance ƙasa da om 10. Ƙasar Jos dutse ce, sau da yawa sanda ɗaya ba ta isa, sai an kafa uku ko huɗu an haɗa su.

Akwai wata magana mai nauyi da ba a son tayarwa. Bayan hare-haren bam na 2012, na hedkwatar COCIN a watan Fabrairu da na St. Finbarr's a Rayfield a watan Maris, majami'u da yawa suka ɗaga katanga, suka walde ƙarafa a tagogi, suka rufe ƙofofin gefe aka bar guda ɗaya da 'yan Brigade, ƙungiyar samarin ikilisiya, ke bincike. An yi haka ne don kare rai, kuma na fahimta. Amma ɗakin da mutum ɗari biyar ke ciki da ƙofa ɗaya tarko ne ranar gobara ko firgici. A gyaran nan ku sa kowace ƙofa ta riƙa buɗewa waje, ta zama ana buɗe ta daga ciki da hannu ɗaya ba neman makulli, kada a jera kujeru ko ganguna a bakinta. Bincike a yi shi a ƙofar gida. Tukunyar kashe gobara kuma a rataye ta inda ake gani, a koya wa masu tsaron ƙofa yadda ake zare ƙusarta.

Banɗaki, ruwa, da matakala

Duk gyaran da na gani, banɗaki ne ake bari sai ƙarshe, lokacin da asusu ya bushe. Ku tambayi Zumuntar Mata kafin ku zana komai. Ranar da muka zauna da su, wata tsohuwa ta ce mini, "Ɗana, ni na daina shan ruwa ranar Lahadi da safe, don kada in bukaci zagayawa." Na ce, "Mama, tun yaushe?" Ta ce tun da gwiwa ta hana ta tsuguno. Mace ce da ta ɗauki dutse a ka lokacin da ake gina ɗakin nan. Daga ranar muka mai da banɗaki na biyu a jerin aiki, bayan rufi.

Na mata ya fi na maza yawa, domin su ne suka fi yawa kuma su ke zuwa da yara. A sa aƙalla guda ɗaya na zama, mai faɗin ƙofa da ƙarfen kamawa a bango. Sokawe, wato ramin da ƙazantar banɗaki ke gangarawa, ya kasance ta gangare, nesa da rijiya, in fili ya ba da dama mita 30. A sa masa bututun fitar da iska wanda ya wuce tsayin rufi. Banɗaki mai ruwa kuma ba ya rayuwa sai da ruwa, ga shi rufinku kansa rijiya ce. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Rufi mai murabba'in mita 300 a ruwan Jos yana zubar da lita wajen 420,000 a shekara. Ku haɗa indararo da manyan tankuna, kun sami ruwan wanka da wanki na rabin shekara, kun kuma raba tushen gini da ruwan.

A babbar ƙofa a yi gangare na keken guragu da masu sanda. Ƙa'idarsa, kowane tsayin inci ɗaya a ba shi tsawon inci goma sha biyu: matakala mai santimita 30 tana son gangare mai mita 3.6, da ƙarfen kamawa, da daɓe mai kaushi. Dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya riga ya wuce. Ko babu doka ma, ai kunya ce a riƙa ɗaukar dattijo kamar kaya kafin ya shiga sujada.

Gidan fasto da ɗakin maigadi su shiga lissafi tun farko. Baba Fasto da Mama ba za su buɗe baki su ce ɗakinsu na yoyo ba, sai ku je ku duba da kanku.

Kuɗi da mutane

Farashin siminti ba ya zama wuri ɗaya, don haka ku rubuta lissafinku da buhu da falle da tifa, ku sa kuɗin a gefe da fensir. Alkawarin gidauniya ma a karɓe shi haka: wannan buhu goma, wancan falle biyar, Zumunta tifar yashi biyu. A ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan jimla, domin tsohon gini sai an buɗe shi yake nuna sauran ciwonsa. Siminti kuma kada a tara shi watanni, yana daskarewa. A raba aikin zango-zango yadda kowane zango zai iya tsayawa da kansa in kuɗi ya yanke.

Asusun gyara ya zama daban da na baiko, da sa hannun mutum uku. A 2 Sarakuna sura 12, lokacin da Sarki Yowash ke gyaran Haikali, akwati aka huda aka ajiye, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. Mu ma haka: mai sayen kaya daban, mai karɓa a sito daban, kuma kowane wata a karanta rahoto a gaban ikilisiya a manna a allo. Mutanen Jos suna bayarwa in sun ga inda kuɗinsu ya shiga.

In ɗan ikilisiya ne zai karɓi kwangila babu laifi, amma ya kawo farashi tare da wasu biyu na waje, ya fita daga kwamiti, a rubuta yarjejeniya kamar yadda za a rubuta da baƙo. "Ai ɗan'uwa ne" ya raba zumunci da yawa. A riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗinsa har damina ɗaya ta wuce a kan aikin. Aikin gayya yana da wurinsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kwasar ɓaraguzai, haƙa kwata, ɗebo ruwa, dafa wa ma'aikata abinci. Hawa rufi da taɓa waya na masu sana'a ne. A kewaye wurin aiki kuma, domin yaran makarantar Lahadi ba sa ganin tsani su ƙyale. In an kware rufi, sujada ta koma rumfa ko ajin yara har a gama.

Sai yanzu ado. Sabon shafe ya sami wata guda yana bushewa kafin fenti, a yi amfani da fentin ruwa. Kafin ku lulluɓe ko'ina da tayil da silin roba, ku tuna da kunne. Daɓe mai santsi da bango mai santsi da silin mai santsi suna mai da murya ta yi ta yawo, tsofaffi su zauna wa'azi ba su kama rabinsa ba, a yi ta ƙara lasifika abin yana ƙara lalacewa. Katako a sashen bango, labule mai kauri a bayan ɗaki, da silin mai shan sauti suna gyara wannan, suna kuma rage ƙarar ruwa a kan alminiyam. Tayil ɗin bakin ƙofa ya zama mai kaushi saboda jiƙaƙƙen takalmi.

Akwai abubuwan da bai kamata su bi motar ɓaraguzai ba. Dutsen harsashi mai ɗauke da shekarar gini, tsohon mumbari, ƙararrawa ko da ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a itace, bencin maɗaci da gogewa da ɗan mai kawai suke so. Aikin mishan da ya haifi ECWA ya faro tun 1893, na COCIN tun 1904 a Wase, kuma yawancin tarihin ƙananan ikilisiyoyi ba ya ko'ina sai cikin littattafan baftisma da na aure da ke cikin kabad ɗin ofis, inda gara da yoyo ke iso musu. Tun kafin a fara aiki a kwashe su zuwa busasshen wuri, a ɗauki hoton kowane shafi. Takardun fili ma a nemo su a tabbatar suna da sunan ikilisiya, domin za a tambaye ku su wajen neman izini.

Ranar da ma'aikata za su tafi, mai wuta da mai famfo su zana muku inda kowace waya da kowane bututu suka bi. A haɗa da rahoton injiniya da rasit da sunan fentin da aka shafa a fayil ɗaya, kwafi a ofis, kwafi wurin sakataren ikilisiya. A naɗa mutum ɗaya da sunansa, a ware masa ɗan kaso daga baikon wata, aikinsa ya share indararo da kwata a watan Maris, ya hau silin da tocila a watan Agusta, ya kawo wa dattawa rahoto a rubuce kafin godiyar kaka.